Yadda muka sama wa 'yata na'urar jin darasi a aji

'Yata ta kwanta ciwon sanƙarau tana da shekara 5, a tsakiyar bazara, kuma da Allah Ya tashi kafaɗunta murna ta sa ba mu tsaya bincikar abin da ciwon ya bari ba. Ta riga ta iya magana kafin ta kwanta, saboda haka bakinta bai canza sosai ba, kuma idan aka yi mata magana a ɗaki tana kallon mai maganar takan amsa daidai. Abin da muka lura da shi kawai shi ne idan aka kira ta daga tsakar gida sai an yi kira uku ko huɗu, mu kuwa muka ɗauke shi taurin kai, har takan sha faɗa a kansa. Sai da ta shiga aji uku na firamare malamar ajinsu ta aiko a kira ni, ta ce: "Malam, yarinyar nan ba rashin ƙoƙari ke damunta ba. Bakina take kallo, da zarar na juya ina rubutu a allo shi ke nan ta ɓace. A daure a kai ta a duba kunnenta." Daga wannan rana zuwa ranar da ta fara jin darasi sosai mun ɗauki shekara ɗaya da rabi, kuma fiye da rabin wannan lokaci rashin sanin hanya ne ya cinye shi, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda aka yi daki-daki.

Kuskurena na farko shi ne ban tafi asibiti kai tsaye ba. Na fara da kemis ɗin unguwa, aka ba ni maganin ɗigawa bisa zaton datti ne ya toshe kunnen, muka yi mako biyu muna ɗigawa babu canji. Bayan haka wani abokin aikina ya nuna mini wata 'yar na'ura da ake sayarwa a kasuwa, mai araha, wadda ake cewa tana ƙara ji. Na saya, na sa mata, ba ta yi minti goma ba ta cire tana kuka tana riƙe da kai. Daga baya na fahimci cewa irin wannan na'ura kowace ƙara take ɗagawa bai ɗaya, da muryar mutum da rufe ƙofa da kukan babur, kuma tana iya ƙara lalata ɗan jin da ya rage wa yaro. Har yau ina jin ciwon wannan minti goma a zuciyata.

Da muka je wani babban asibitin gwamnati mai sashen kunne, hanci da maƙogwaro, mun isa bayan sallar asuba kaɗan, amma mun tarar da layin yankan kati ya riga ya yi tsawo. Ban san cewa ba a shiga sashen kai tsaye ba, sai likitan da ke duba marasa lafiya na yau da kullum ya gan ka ya rubuta takardar turawa, saboda haka ranar farko a nan ta ƙare. Aka ba mu rana bayan kwana goma. Likitan kunne ya leƙa kunnuwan da 'yar fitilarsa, ya ce akwai datti kaɗan a na hagu, aka wanke, amma dodon kunnen duka biyun lafiyarsa ƙalau. Ya yi tambayoyi da yawa waɗanda ban zo da amsarsu a shirye ba: wace shekara ta yi sanƙarau, kwana nawa ta yi a kwance, waɗanne allurai aka yi mata, ta taɓa yin ƙyanda ko hangum, kunnenta ya taɓa zubar da ruwa, akwai kurma a dangi. Ya bayyana mini cewa sanƙarau yana cikin manyan cututtukan da ke bar wa yara raunin ji, haka kuma wasu allurai irin su jentamaisin suna iya taɓa kunne. Duk mai zuwa ya tafi da takardar sallama ta tsohuwar jinya idan tana nan. Ya rubuta mana gwajin ji, muka biya a wurin karɓar kuɗi, muka kai rasit, aka ba mu rana bayan mako uku saboda ma'aikacin gwajin mutum ɗaya ne.

Ranar gwajin aka fara da wani ɗan bututu da ake sawa a kunne don auna motsin dodon kunne, wanda bai ɗauki minti biyar ba kuma babu zafi. Sannan aka shigar da ita wani ƙaramin ɗaki da aka lulluɓe bangonsa don kada ƙara ta shiga, aka sa mata abin saurare a kunnuwa, aka ce duk lokacin da ta ji sauti, komai ƙanƙantarsa, ta ɗaga hannu. Ina tsaye a bayan ma'aikacin ina ganin yana ƙara ƙarfin sautin, ita kuma tana zaune shiru tana jira, hannunta a cinya. A nan ne na gaskata abin da malamarta ta faɗa, na kuma tuna duk faɗan da na yi mata. Sakamakon takarda ɗaya ce mai zane, jan da'ira na kunnen dama, shuɗin gicciye na kunnen hagu, an jera su daga sauti mai kauri zuwa mai siriri. Ma'aikacin ya ce ana auna ƙarfin sauti da desibel, hira ta yau da kullum tana kusan 60, mai cikakken ji yana jin abin da bai kai 20 ba, ita kuwa kunnenta na dama sai sauti ya kai wajen 60 take fara jinsa, na hagu kuma wajen 70, kuma raunin ya fi tsanani a sirirun sautuka. Wannan ne ya warware mini abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Wasula da karin sautin Hausa tana kama su, shi ya sa muke ganin kamar tana ji, amma baƙaƙe irin su s, sh, f da ts sun ɓace mata, ta yadda "fata" da "sata", ko "kifi" da "kishi", kusan abu ɗaya ne a kunnenta sai ta kalli baki.

Ma'aikacin ya gaya mana gaskiya cewa raunin a can cikin kunne yake, ba ya warkewa da magani ko wanki. Mahaifiyarta ta yi kuka a adaidaita sahu har muka isa gida. Mun yi kwanaki muna shawara. Na san akwai makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki a nan Kano inda ake koyar da kurame da maganar hannu, kuma ban ɗauki maganar hannu koma-baya ba, harshe ne cikakke, ga yaron da jinsa ya tafi gaba ɗaya kuwa ita ce ƙofarsa ta ilimi. An kuma yi mana bayanin na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, wadda ake yi wa waɗanda na'urar ratayawa ba ta isar musu, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ga mai neman ƙarin bincike. Tun da tana da magana kuma akwai sauran ji mai amfani, shawarar ma'aikacin ita ce a sa mata na'urar ji a kunnuwa biyu ta ci gaba da makarantarta, muka tsaya a kan haka.

Asibitin ba ya sayar da na'urar, sai aka ba mu kwafin sakamakon muka tafi wata cibiya mai zaman kanta. Ga yara, wadda ake ratayawa a bayan kunne ake so, saboda ta fi ƙwari kuma idan kunnen yaro ya girma abin da ke shiga cikin ramin kunnen kawai ake canzawa. Aka cusa mata wani abu mai laushi kamar ƙullu a kowane kunne, ya daskare cikin 'yan mintuna, aka cire aka aika da shi inda ake ƙera matoshin daidai da siffar kunnenta, muka jira kusan wata guda. Kuɗin na'urorin biyu ya haura albashina na wata uku, sai da mahaifiyarta ta kwashi adashinta, ƙanena ya cika. An yi ta ba ni shawarar in sayi ɗaya kawai don sauƙi, ban karɓa ba, domin da kunne biyu mutum ke gane inda sauti ya fito, kuma yarinya ce mai tsallaka titi. Ranar sawa aka haɗa na'urorin da kwamfuta aka saita su bisa sakamakon gwajinta. Da muka fito ta tsaya cak ta tambaye ni ƙarar mene ne take ji, ashe takun takalminta ne a kan tsakuwa.

A gida komai ya gyaru cikin makonni kaɗan, na ɗauka an gama. Amma da aka yi wata biyu da komawa makaranta sai ta fara dawowa da na'urorin a cikin jaka, tana cewa kanta na ciwo, sakamakon gwajin aji kuma bai motsa ba. Na nemi izinin shugabar makarantar na zauna a bayan ajin darasi ɗaya. Yara sun haura sittin, ƙasa siminti, rufi kwano babu silin, tagogi a buɗe suna kallon titi, ajin da ke maƙwabtaka yana bitar karatu da ƙarfi, ga jan benci ga fanka mai ƙara. Ni da kunnena yake lafiya sai da na kasa kunne sosai kafin in bi malamar. Na'urar da ke kunnen 'yata tana ɗauko surutun yaron da ke kusa da ita fiye da muryar malamar da ke can bakin allo, domin shi ya fi kusa da ita.

Na koma wa ma'aikacin gwajin da wannan bayani, a nan ne na ji abin da ya kamata in sani tun ranar farko. Ya ce abubuwa uku ne ke cin muryar malami a aji: nisa, surutu da amsa-kuwwar bango. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin murya yana raguwa da kimanin desibel 6, kuma yaro mai raunin ji yana buƙatar muryar malami ta ɗara surutun aji da kimanin desibel 15 kafin ya fahimci magana sosai, abin da ba ya samuwa a irin ajin da na kwatanta masa. Na'urar ji ita kaɗai amfaninta ya fi yawa idan mai magana yana tsakanin taku biyu ko uku. Maganin shi ne ƙaramin makirufo da malami zai maƙala a wuyan riga, wanda ke aika muryarsa ta iska kai tsaye zuwa na'urar yaro, kamar yana magana a gefen kunnensa ko da yana ƙarshen aji. Tsofaffin irinsa da zangon FM suke aiki kamar rediyo, sababbin kuma na dijital ne, irin su Roger na kamfanin Phonak. Sai ya tambaye ni ko na'urorin da na saya suna karɓar irin wannan saƙo, na rasa amsa, domin ban san ana tambaya ba kuma mai sayarwa bai ambata ba. Akwai na'urar da ake jona wa ƙaramin makarɓi a gindinta, akwai mai makarɓi a ciki, akwai kuma mai wani ɗan naɗin waya a ciki da ake yi wa alama da harafin T, wanda ke ɗaukar saƙo daga makarɓin da yaro ke ratayawa a wuya kamar sarƙa. Da ya duba, Allah Ya taimake mu namu suna da wannan naɗin waya, sai dai ba a kunna shi ba lokacin saiti. Da babu shi, da sai dai in sake sayen wasu na'urorin.

Kafin in nemi kuɗi na gwada neman taimako a hukumance. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma buƙaci makarantun gwamnati su kasance masu karɓarsu da tanadar musu kayan aiki. Na rubuta takarda zuwa wani ofishin ilimi, na haɗa da kwafin sakamakon gwaji, da rahoton likita, da wasiƙar shugabar makaranta, da takardar haihuwa da hotuna biyu. An karɓa an buga hatimi a kwafina. Na koma sau huɗu cikin wata biyu, kowane zuwa ana cewa takardar tana gaba, kuma wanda na yi magana da shi bai taɓa jin labarin irin wannan makirufo ba, ya ɗauka lasifika nake nema. Ban yi nadamar rubutawa ba, domin haƙƙi ne kuma sai an yi ta nema za a san ana buƙata, amma na yi nadamar dakatar da komai ina jiran amsa, zangon karatu guda ya wuce a haka.

Daga ƙarshe ta hannun wani dillalin kayan ji a Legas muka samu makirufon da makarɓin wuya, a kan kuɗin da ya kusa kai na na'urar ji guda ɗaya. Kafin in biya na tura wa ma'aikacin gwajin sunan samfurin ya tabbatar zai yi aiki da namu, na kuma nemi takardar garanti a rubuce. Kaya sun iso bayan mako shida. Muka koma cibiyar aka kunna naɗin wayar, aka saita shi yadda za ta ji makirufon malama ba tare da an toshe mata muryoyin 'yan ajinsu ba, domin idan aka bar ta da muryar malama kaɗai za ta zama baƙuwa a cikin ƙawayenta. An gwada a nan take: na fita baranda na rufe ƙofa na kira lambobi a hankali, tana ciki tana maimaitawa ba kuskure.

Matakin da na fi raina shi ne ya fi buƙatar haƙuri, wato shigar da abin cikin aji. Shugabar makarantar ta fara da ɗari-ɗari, tana tsoron ko na'urar tana naɗar maganar malamai ne a kai wani wuri. Na ce mata: "Hajiya, ba ta ajiye komai, ga shi ki sa a kunnenki ki ji." Na taho da wani ɗan bututun saurare da iyaye ke duba na'ura da shi, ta saurara yayin da malamar ke magana daga wancan ƙarshen ofishin, daga nan ta saki jiki. Mun zauna da malamar kusan awa ɗaya bayan an tashi. Makirufon yana zama kimanin taƙi ɗaya daga baki, kuma kada mayafi ko hijabi ya rufe shi, saboda gogar yadi tana shiga kunnen yarinya kamar ana yaga takarda, sai muka samo hanyar maƙala shi a saman mayafin. Ba a ɗaga murya, magana ta yau da kullum ta isa. Idan wani ɗalibi ya ba da amsa, malama ta maimaita ta, domin amsar ba ta bi ta makirufo ba. Idan za ta yi magana da wani a keɓe ko za ta fita, ta kashe shi, kuma wannan sai da aka manta sau biyu yarinyar ta ji hirar ofishin malamai kafin ya zama jiki. An dawo da ita layi na biyu a ɓangaren da ke nesa da tagar titi, malamar ta riƙa rubuta sababbin kalmomi da aikin gida a allo, ta kuma daina bayani tana fuskantar allo. Ni kuma na kawo tsohuwar tayar mota wani kafinta ya yanka ya buga a ƙafafun bencunan ajin, abin da ya rage ƙarar ja ga ajin gaba ɗaya. Malamar da kanta ta yi wa yaran bayani cewa kamar tabarau ne amma na kunne, tsokanar da muke tsoro ba ta wuce mako guda ba.

Sauran aikin na kullum ne kuma a gida yake. Kowace safiya mahaifiyarta tana tsayawa a bayanta ta furta sautuka shida, a, u, i, m, sh da s, ita kuma ta maimaita, idan ɗaya ya ɓace mun san akwai matsala kafin ta fita. Batirin na'urar mai lamba 13 ne, wanda takardarsa ruwan lemo ce, ana ɓare takardar a jira kamar minti ɗaya iska ta shiga kafin a sa, kuma ba a cika samunsa a shagunan unguwa ba, saboda haka kwali nake saya in ajiye inda ƙannenta ba za su kai ba, domin haɗiye shi haɗari ne babba. Makirufon da makarɓin caji ake yi musu kowane dare, rashin wuta ya sa na sayi ƙaramin abin caji mai aiki da hasken rana. Da damina laima da gumi suna shiga na'urar, sai mu kwantar da ita a gwangwani mai murfi tare da ƙwayoyin da ke tsotse laima, da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ƙofar makirufo, sai an goge da ɗan buroshi. Idan na'urar ta fara fito ba dalili, yawanci matoshin ne ya yi mata kaɗan, lokacin sake aunawa ya yi.

Zuwa ƙarshen zango na biyu da fara amfani da makirufon, ciwon kan ya tafi, ta daina dawowa a gajiye tana neman kwanciya, shifta kuma da ta fi ba ta wahala ta fara cin fiye da rabi. Inda na fi ganin bambanci shi ne Islamiyya. Da can ba ta rarrabe sinun da shinun da sadun, malaminsu ya yi ta gyara har ya gaji, amma da ya yarda ya rataya makirufon sai ga shi cikin 'yan watanni tana fitar da su. Ban ce ta zama kamar mai cikakken ji ba. Ranar da ruwa ke dukan kwano, ko lokacin da aka raba yara rukuni-rukuni kowa yana magana, har yanzu tana shan wahala, kuma mun fara koyon maganar hannu ni da ita da mahaifiyarta, saboda idan ta cire na'urar da dare ko batir ya mutu a hanya kada magana ta yanke tsakaninmu.

Da zan sake bin hanyar, duk yaron da ya tashi daga sanƙarau zan kai shi gwajin ji cikin makonnin farko ko da yana amsa kira, ba zan jira malami ya gano ba. Zan fara da gwaji kafin in kashe ko kwabo a kan na'ura. A wurin saye kuwa, kafin in tambayi farashi zan tambaya ko na'urar tana karɓar makirufon malami, ta wace hanya, nawa ne kuɗin makarɓin, wa zai gyara idan ta lalace, kuma a ina ake samun batirinta, in sa kuɗin makirufon a lissafi tun farko maimakon ya zo mini bagatatan. Zan riƙe fayil ɗaya mai kwafi uku na kowace takarda, domin kowane ofishi yana karɓar nasa ba ya mayarwa. Zan kuma shiga ajin in zauna tun makon farko, saboda abin da na gani cikin minti arba'in a bayan ajin nan babu wata takardar asibiti da ta nuna mini shi. Yanzu tana shirin shiga aji biyar inda malamai uku ne za su riƙa shiga musu, saboda haka na riga na nemi shugabar makarantar ta haɗa ni da su a makon da za a koma, kuma malamar da ta fara gano matsalar ta yi alkawarin za ta zo ta nuna musu yadda ake miƙa makirufon daga hannu zuwa hannu idan an canza darasi.